Allurar Rigakafi Ga Ma'aikatan Asibiti: Dole Ce Ko Ganin Dama?

Kowace uwa ta san ranar allura. Ta goya jariri, ta ɗauki kati, ta bi layi a asibiti, nas ta tsira wa yaro allura, ya tsala ihu, a rarrashe shi a koma gida. Amma da wuya ka ji wani ya tambaya ko ita nas ɗin da ke riƙe da allurar an yi mata tata.

A Amurka da waɗansu ƙasashen Turai an yi wajen shekara 20 ana gardama a kan wannan magana. Asibitoci da yawa sun kafa doka cewa kowane ma'aikaci sai ya karɓi allurar rigakafin mura kowace shekara, in ya ƙi kuwa ya nemi aiki a wani wuri. Waɗansu sun ce daidai ne, waɗansu sun ce danniya ce. Mai karatu zai ce, ina ruwan mutanen Batsari da Safana da gardamar Turawa? Akwai ruwanmu ƙwarai, gama gidajenmu da yawa suna da ɗa ko ɗiya a aikin asibiti, kuma babu gidan da bai taɓa kai majiyyaci can ba.

Mura Iri Biyu Ce

Mu Hausawa kowane ciwo mai sa majina da atishawa mura mu ke ce masa. Likitoci kuwa sun raba su. Akwai murar yau da kullum, wadda ta kan toshe hanci 'yan kwanaki ta wuce, mutum yana ta zuwa gona abinsa. Akwai kuma babbar mura, wadda su ke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya ta ke kama mutum, da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, ta kwantar da ƙato mako guda. Wata ƙwayar cuta ce da a ke kira bairas ke kawo ta, saboda haka kafson da mu ke saye a kemis ba ya kashe ta.

Mai ƙarfi ya kan warke. Haɗarin yana kan jarirai, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu ciwon suga ko ciwon zuciya ko asma, da yaran da tamowa ta kama. A jikin irin waɗannan murar ta kan sauka cikin huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. A ƙasashen sanyi da lokacin hunturu ta ke zuwa, amma a ƙasashe masu zafi irin tamu ana iya samunta a kowane wata.

Kakanninmu sun ga aikinta. A ranar 14 ga Satumba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko da marasa lafiya a cikinsa. Cutar ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau Arewa, daga nan ta bi kasuwanni da fatake ta shiga ƙauyuka. Ita ce annobar da tsofaffi ke kira Marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da dukan jama'ar ƙasar ba su fi miliyan 18 ba.

Yadda Mai Jiyya Ke Kai Cuta

Abin da ya sa a ke damuwa da ma'aikatan asibiti shi ne wani hali na wannan ƙwayar cuta. Wanda ta shiga jikinsa yana iya ba wani tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alamar ciwo. Waɗansu ma ba za su kwanta ba sam, amma suna yaɗa ta.

To, a dubi aikin nas na yini guda. Da safe tana wurin masu tari, suna yi mata tari a fuska. Da hantsi ta koma wurin mata masu awo. Da rana a kira ta ɗakin haihuwa, ta ɗauki jaririn da bai yi awa ɗaya a duniya ba. Da yamma ta koma gida ta ba 'ya'yanta abinci, ta shiga ɗakin surukarta tsohuwa ta gaishe ta. In cutar tana jikinta, duk waɗannan ta ziyarce su da ita ba da saninta ba. Jariri kuwa ba a yi masa allurar mura sai ya kai wata 6, saboda haka tsaronsa yana hannun waɗanda ke ɗaukarsa.

Ba likita da nas kaɗai a ke nufi ba. Mutum na ƙarshe a duniya da ya kamu da agana ta hanyar yaɗuwarta cikin jama'a, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci ne a asibitin garin Marka a Somaliya. Doka ta ce a yi wa ma'aikatan asibiti lamba, amma shi ya zille, daga baya ya ce zafin ya ke tsoro. A watan Oktoba 1977 ya shiga mota ɗaya da yara biyu masu agana na 'yan mintoci, domin ya nuna wa direba hanya. Cutar ta kama shi. Sai da aka hana shiga asibitin, aka yi wa mutum sama da 50,000 lamba, kafin hankali ya kwanta. Ya warke, ya kuwa ƙare rayuwarsa yana aikin rigakafin shan inna har rasuwarsa a 2013.

Inda Aka Kafa Doka

Shekara da shekaru asibitocin Amurka suna roƙon ma'aikatansu su karɓi allurar mura kyauta, amma da ƙyar rabinsu ke zuwa. A 2005 asibitin Virginia Mason da ke birnin Siyatul ya mai da ita sharaɗin aiki. A shekarar farko sama da kashi 97 cikin 100 suka karɓa. Ƙungiyar nas-nas ta kai ƙara, aka yanke cewa ba za a tilasta wa 'yan ƙungiyar ba, sai dai wadda ta ƙi ta riƙa rufe hanci da baki a lokacin mura. A 2008 rukunin asibitocin BJC da ke birnin Sen Luwis, mai ma'aikata wajen 26,000, ya bi sahu. Kashi 98 cikin 100 suka karɓa, aka ɗauke wa waɗansu saboda dalilin lafiya ko na addini, mutum 8 suka rasa aikinsu. Ƙasar Finlan kuma daga 2018 ta sa a cikin dokarta cewa masu kula da majiyyata marasa ƙarfi su kasance da rigakafin mura.

Hujjar masu goyon bayan doka ita ce, majiyyaci ba shi ke zaɓen nas ɗin da za ta tsaya a kansa ba. Ya zo neman lafiya, bai kamata ya koma da wata cuta ba. Suna kuma nuna wani bincike da aka buga a 2000 a kan asibitocin tsofaffi 20 a Sikotilan. Inda aka ba ma'aikata allura, kashi 13.6 cikin 100 na tsofaffin suka rasu a wannan hunturu. Inda ba a ba su ba, kashi 22.4 suka rasu.

Abin Da Masu Ƙi Ke Faɗi

Su ma masu ƙin doka suna da maganar da ya kamata a saurara. Na fari, allurar mura ba ta kai ta ƙyanda ƙarfi ba. Ƙwayar cutar tana sāke kama kowace shekara, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, ta zaɓi irin da za a sa a allura. In an dace, tana rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. In ba a dace ba, ƙasa da haka.

Na biyu, masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tantance binciken likitoci, sun sāke duba irin binciken Sikotilan ɗin nan a 2016, suka ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a tabbatar cewa allurar ma'aikata ce ta ceci tsofaffin ba. A lardin Ontariyo na Kanada ƙungiyar nas-nas ta yi nasara sau biyu, a 2015 da 2018, a kan dokar da ta ce ko allura ko rufe fuska.

Na uku, tilas tana iya korar ma'aikata. A zamanin korona Faransa ta dakatar da ma'aikatan lafiya wajen 3,000 a Satumba 2021 saboda ƙin allura, sai a 2023 aka mai da su. Ingila ta shirya irin wannan doka ga ma'aikatan asibitocin gwamnati, amma ta janye a farkon 2022, da ta ga dubban da za ta rasa.

Duk da haka, bangarorin biyu sun yarda da abu guda: allurar ba ta sa mura, gama ƙwayar da ke cikinta matacciya ce. Abin da ta kan jawo shi ne ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta soma aiki, saboda haka wanda mura ta kama a cikin waɗannan kwanaki, dama tana tafe.

A Gida Nijeriya

A ƙasarmu allurar mura ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta, kuma ma'aikatan asibiti kaɗan ne suka taɓa karɓarta. Amma ana sa ido a kan cutar. Tun 2008 akwai asibitocin da ke ɗibar majinar masu tari suna aikawa a gwada, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A maƙwabtanmu kuma an gwada amfanin allurar: a Bamako ta ƙasar Mali, daga 2011 zuwa 2014, an yi bincike da mata masu ciki sama da 4,000, aka ga jariran waɗanda aka yi wa allurar mura sun sami kariyar kusan kashi biyu bisa uku a watanni 4 na farko.

Mun kuma san yadda aikin jiyya ke cin masu yinsa. A 1969 nas biyu na mishan, Laura Wine da Charlotte Shaw, sun rasu da zazzaɓin da aka sa wa sunan garin Lassa, ta biyun ta kamu ne wajen jiyyar ta farin a Jos. A 1970 cutar ta kashe Dokta Jeanette Troup a asibitin nan na Jos. A Janairu 2020 ta kashe likitoci biyu a Asibitin Aminu Kano. Zazzaɓin Lassa har yanzu ba shi da allurar rigakafi da aka amince da ita. Haka kuma mutum na farko da korona ta kashe a Jihar Katsina, a Afrilu 2020, likita ne a Daura. Shi ya sa da allurar korona ta iso a Maris 2021, da ma'aikatan lafiya aka fara. Daga 1 ga Disamba na wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta su nuna katin allura ko takardar gwaji kafin su shiga ofis. Wannan ita ce dokar tilas mafi kusa da ta Amurka da muka gani.

Kada kuma a manta da dalilin da ya sa mutanen Arewa ke ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara wajen 200, yara 11 cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da ɗigon shan inna har kusan shekara guda, cutar ta sāke bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da taimakon sarakuna da malamai da haƙurin bin gida gida aka dawo da amincewar jama'a, har aka shaida a Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

Batsari Da Safana

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san wahalar da 'yan bindiga suka jefa jama'arsu a ciki shekaru da dama. An rufe waɗansu ƙananan asibitocin ƙauye, ma'aikata suka koma gari. Mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira, suka cunkushe a makarantu da gidajen 'yan'uwa. Inda mutum goma ke kwana ɗaki ɗaya, in ɗaya ya yi tari, da safe an raba. Yara da yawa kuma alluransu sun kuɓuce musu.

A irin wannan wuri ma'aikaci ɗaya ya fi zinariya daraja. Akwai asibitin sha-ka-tafi da mutum ɗaya ne malamin asibiti, shi ne mai ba da magani, shi ne mai allura. In mura ta kwantar da shi mako guda, an kulle ƙofa ke nan, mai naƙuda sai ta nemi mota zuwa Batsari ko Dutsin-Ma ko Katsina. In kuwa ya daure ya fito da zazzaɓinsa, ya raba wa majiyyata. Ta nan za a ga amfanin allurar gare shi ya fi na nas ɗin Amurka, wadda ke da mai canjinta.

Amma ta nan kuma za a ga wautar kore shi saboda allura. Wa zai maye gurbinsa? Sa'an nan ina allurar ta ke? Tana bukatar firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, tana bukatar sabuwa kowace shekara, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Dokar da ta ce dole, alhali ba a kawo abin ba, takardar bogi kawai za ta haifar.

Abin Da Ya Fi Gaggawa

In za a jera alluran da ma'aikacin asibiti a yankinmu ke bukata, ta ciwon hanta iri na B ce a gaba. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ita. In allurar da aka yi wa mai cutar ta soki ma'aikacin da ba shi da rigakafi, haɗarin kamuwa yana tsakanin 6 zuwa 30 cikin 100, alhali na ƙanjamau wajen 3 ne cikin 1,000. Sau uku a ke yin allurar: yau, bayan wata 1, da bayan wata 6, tana kuwa tsare mutum shekaru masu yawa. Sai a 2004 aka sa ta cikin alluran jarirai a Nijeriya, watau galibin waɗanda aka haifa kafin nan ba su same ta suna yara ba. Faransa ta mai da ita dole ga ma'aikatan lafiya tun 1991.

Ta biyu ita ce ta mashaƙo. Annobar da ta ɓarke a 2022 ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Katsina da Yobe da waɗansu jihohi. Ƙarfin allurar yarinta yana raguwa in mutum ya girma, shi ya sa hukumar NCDC ta shawarci ma'aikatan lafiya su karɓi tasu. Sai ta ƙyanda ga wanda bai taɓa yi ba, sa'an nan ta mura.

Wuri mafi dacewa a soma shi ne makaranta. Ɗalibin da ya shiga makarantar nas ta Katsina, ko ta ungozoma ta Malumfashi, ko makarantun kiwon lafiya na Kankia da Daura, a duba katinsa tun kafin a tura shi ɗakin majiyyata. A nan sharaɗi yana da ma'ana, gama ya san da shi tun bai ɗauki aikin ba. Ga waɗanda suka riga suna aiki, a kawo musu allura kyauta har wurin aikinsu, a yi wa masu shara da masu wanki da masu gadi tare da likitoci. A ba mai zazzaɓi da tari hutu ba tare da yanke albashi ba. A ɗauke wa wanda likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓa. In an yi duk wannan, sa'an nan hukuma na da bakin cewa dole.

Aikin Kowane Gida

A asibitocinmu rabin jiyya 'yan'uwa ke yi. Su ke kwana a ƙasa gefen gado, su ke wanki, su ke ba da abinci. Zumuntar mata da matasa kuma su kan je gaida marasa lafiya rukuni rukuni, abu ne mai kyau. Amma mai zazzaɓi da tari ya zauna gida, ya aika da gaisuwarsa da ƙwaryar kununsa ta hannun wani. Haka ma zuwa barka: wadda ke mura kada ta karɓi jariri, ko da mai jego za ta ji babu daɗi. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa majiyyaci da bayan an taɓa shi. A yi tari cikin gwiwar hannu ko hankici. A buɗe taga ko da ana ɗari.

In yaro mai mura ya soma numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, kada a tsaya jiran gari ya waye sau biyu, a kai shi asibiti.

Iyaye da mazan da ke da nas ko ungozoma ko malamin asibiti a gida, ku tambaye su a daren yau ko sun cika allurar ciwon hanta sau uku, ko an ƙara musu ta mashaƙo. In ba su yi ba, ku taimaka musu da kuɗin mota su je babban asibiti mafi kusa su nema. Ku kuma ma'aikata, in ta mura ta samu, ku karɓa a gaban jama'a. Uwar da ta ga nas ta miƙa nata dantsen ba za ta ɓoye ɗanta a bayan rumbu ba ranar da masu allura suka shigo gari.